Japheth da Kwaɓin La'asar

Malam Japheth Tagwai ya yi shekara talatin da takwas yana murƙushe kankare. Aikinsa ke nan a ɗakin gwaji na sashen injiniyan gini a jami'a, can Samaru. Masu gini sukan kawo masa curin kankare mai inci shida ta kowane gefe, ya jiƙa shi a ruwa kwana ashirin da takwas, ya sa shi a inji ya matse har ya fashe, ya rubuta lambar da allura ta nuna, ya sa hannu. Da wannan takarda ake sanin ko gini zai ɗauki abin da aka ce zai ɗauka.

Ni na koyar da shi lissafi a aji shida, a 1970, lokacin ina sabon malami. Yaro ne mara surutu, mai jan layi da rula ko da a bayan takarda ne. Daga baya muka sake haɗuwa a majami'armu ta Sabon Gari, inda na riƙe sakataren ikilisiya shekara ashirin da biyu. Ya auri Edith, wadda ke ba da waƙa a Zumuntar Mata, suka kama gida a Unguwar Gabas. Kullum ƙarfe bakwai saura kwata zai tayar da babur ya nufi Samaru, farar rigar aikinsa a ninke cikin jarida don kada ta yi datti. Har ya rasu bai daina ce mini Malam ba, ni kuma na koma ce masa Baban Happiness kamar yadda kowa ke yi.

A farkon 1992 ikilisiya ta yi yawa, aka yanke shawarar yin bene a bayan majami'a, wanda zai fito ciki a kan ginshiƙai huɗu, mata masu waƙa su riƙa zama a sama. Wani ɗan ikilisiya da ke aiki a Kaduna ya zana taswira kyauta. Zubin kankaren kuwa, gayya muka yi, kamar yadda muka gina duk abin da muka mallaka. Ranar Asabar ce, sha ɗaya ga Afrilu. Maza da shebur, matasa da kwanon sarki, mata suna jido ruwa daga rijiyar maƙwabta suna waƙa. Ban sake ganin ikilisiyarmu da farin ciki irin na wannan safiya ba.

Kwaɓin farko Japheth ne ya auna shi da kansa: siminti kaza, yashi kaza, tsakuwa kaza, ruwa bokiti biyu da rabi. Fasto ya yi addu'a a kai. Daga wannan kwaɓi aka cika curi shida na gwaji, aka ajiye su a inuwa.

Zafin Afrilu a Zariya ba sai na bayyana wa kowa ba. Da azahar ta gota kankaren ya fara ƙamewa tun yana cikin kwano, matasa suka fara ƙorafi wuyansu ya gaji, kuma buhunan simintin da suka rage ba su kai yadda aka lissafa ba. Baba Nelson, babban dattijonmu, tsohon foman ɗin reluwe, ya ɗauki bokiti ya fara ƙara ruwa. Ya ce a ƙara yashi kuma, ai Ubangiji da ya ciyar da dubu biyar ba zai kasa sa siminti ya yi auki ba. Aka yi dariya, aiki ya yi sauƙi, kwaɓin ya riƙa malala kamar kunu. Da shi aka zuba duk ɓangaren yamma.

Japheth yana tsaye a wurin. Ni ma ina tsaye, amma ni ban san abin da nake gani ba, shi ya sani. Baba Nelson ne ya tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa, shi ya karɓo masa Edith daga hannun danginta. A wancan zamani ɗan shekara talatin da huɗu ba ya ce wa irin wannan mutum ajiye bokiti a gaban ikilisiya. Ya matsa kusa, ya buɗe baki, Baba Nelson ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya je ya sha ruwa, ya sha rana tun safe. Ya je ya sha ruwa.

Bayan kwana ashirin da takwas ya murƙushe curi shidan nan na safe. Duka sun wuce lambar da ake so. Ya rubuta, ya sa hannu, ni na buga takardar da tafireta na sa a fayil. Ba ƙarya ko ɗaya a cikinta. Sai dai ba ta ce komai a kan kwaɓin la'asar ba.

Benen ya yi shekara ɗaya da wata bakwai. Ranar Lahadi, sha huɗu ga Nuwamba, 1993, muna sujadar godiyar kaka, an tara dawa da doya da kaji a gaban bagadi, mata sittin da huɗu suna sama suna waƙa suna rawa. Abin da na fara ji shi ne wata ƙara kamar an karya busasshen kara, sau biyu. Daga nan ɓangaren yamma ya sunkuyo a hankali, kamar mai gaisuwa, ya sauko. Mutum tara suka mutu, bakwai daga sama, biyu daga cikin waɗanda ke zaune a ƙasa. Cikinsu har da Hephzibah mai buga tulu, aminiyar Edith tun suna 'yan mata. Edith kanta ta karye a ƙugu, ta yi wata huɗu a asibiti, ta fito da sanda.

Washegarin jana'iza Japheth ya ɗauki ɓaraguzai uku a buhu ya kai Samaru, ya yanka su, ya sa a inji. Ƙarfinsu bai kai rabin na curin safe ba. Ya kawo lambobin gaban dattawa. Baba Nelson yana zaune, ya tsufa da shekara goma cikin mako ɗaya. Fasto ya saurara, ya ce ikilisiya tana cikin makoki, ba lokacin neman mai laifi ba ne, a bar wa Ubangiji. Aka umarce ni kada in rubuta maganar a littafin taro, ban kuwa rubuta ba. Aka kwashe ɓaraguzai, aka toshe wurin benen da bulo, aka shafe da fenti.

Daga nan Japheth ya zama mutumin da ɗaliban Samaru suka sani: wanda ba ya karɓar curi sai ya je wurin gini da kansa, wanda ke ɗibar samfur da safe, da rana, da yamma, wanda ya taɓa kifar da bokitin wani babban ɗan kwangila da ƙafa. Suna ce masa Baba Bokiti a bayan idonsa. Abin da ba su sani ba, ya gaya mini wata rana muna dawowa daga jana'izar wani. Ya ce duk curin da ya sa a inji, kafin ya fashe yakan yi 'yar ƙara sau biyu, kuma a tsakanin ƙarar nan da fashewa yakan ji tulun Hephzibah. Ya ce ba mafarki ba ne, da rana tsaka ne, ɗalibai suna kewaye da shi suna rubutu. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat shekara kusan talatin: da ya karɓe bokitin nan, da benen ya tsaya? Ko kuwa taswirar ce tun farko ba ta isa ba, ko da wane irin kankare aka zuba? Ya tambayi malamai biyu a sashensu a fakaice, kowanne ya ce abu ne da ba za a iya sani ba bayan an kwashe gini.

Dokta Omolara Akinola ta zo sashen a 2019. 'Yar Sabon Gari ce, mahaifinta yana da shagon buga takardu kusa da kasuwa, Hausarta kuwa ta fi ta jikokina. Abin da ta karanto a waje shi ne yadda gini ke motsi idan an girgiza shi har ya fara tsagewa. Takan gina gini a cikin kwamfuta, ta girgiza shi, ta ga inda zai fara ciwo. Japheth ya yi shekara biyu yana kallonta kafin ya kawo mata gwangwanin biskit ɗin da ya adana taswirar, da takardar da na buga, da lambobin ɓaraguzai. Ta karanta a tsaye. Ta ce kakarta ta sha ba ta labarin wannan rana, domin har shagonsu an ji ihun. Ta tambaye shi ko ya tabbata yana son amsa, don lissafi ba ya lallashi. Ya ce shi ya sa ya zo wurinta bai je wurin fasto ba.

Matsalar ita ce lokaci. Ni tsohon malamin lissafi ne, saboda haka na nace sai ta fahimtar da ni, ta kuwa yi haƙuri da ni. Ta ce muddin gini bai tsage ba, lissafinsa mai sauƙi ne: ka ninka nauyi, lanƙwasa ta ninku. Amma da zarar tsaga ta fito, ginin ya zama wani gini dabam, sai an sake lissafi daga inda aka tsaya. Don haka takan daddatsa benen gunduwa-gunduwa, sama da dubu ɗari huɗu, ta kuma daddatsa kowace daƙiƙa kashi dubu, a kowane kashi kwamfuta ta bi gunduwoyin nan duka ta tambayi kowace ko ta tsage. Ta lissafa cewa minti biyar na rayuwar benen zai ci wa kwamfutarta kwana hamsin, in wuta ba ta ɗauke ba. Kuma ba gwaji ɗaya ake bukata ba. Japheth kuwa saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya.

Sai dogon yajin aiki na 2022 ya zo, ɗalibai suka watse. A ɗakin kwamfuta na sashen akwai tsofaffin injuna goma sha shida suna zaune an lulluɓe su da leda. Omolara ta nemi izini aka ba ta. Ta ce za ta raba benen gida goma sha shida, kowace kwamfuta ta riƙe yankinta, bayan kowane taki ta gaya wa maƙwabtanta abin da ya faru a kan iyaka, sa'an nan duka su ɗaga ƙafa tare. Japheth ya saurara ya ce, ai gayya ce. Ta ce ita ba ta taɓa noma ba, amma in haka gayya take, to ita ce.

Shi ya yi aikin hannu duka. Ya kwance injunan ya hure ƙura, ya sauya fankar da ta mutu, ya ja wayoyi ya ɗaure su da zare a jere kamar kitso, ya manna wa kowace lamba da rubutunsa mai kyau. Ya haɗa su da batura da farantan sola na sashen, Omolara kuma ta tsara su yadda kowace awa za su adana inda suka kai, don kada ɗaukewar wuta ta mai da su farko. Ni nakan hau bas daga Sabon Gari da hantsi in je in zauna da su. Samaru ta yi tsit a watannin nan, masu shayi da masu buga takardu sun rufe, awaki suna kiwo a gaban ajujuwa. A cikin ɗakin ba ka jin komai sai hucin fankoki goma sha shida.

Gwajin farko ya ci kwana goma sha biyu, alhali ta yi tsammanin huɗu ko biyar. Japheth ne ya lura da dalili, ba a allo ba, da tafin hannu. Ya bi injunan yana taɓawa, ya ce goma sha biyar suna da sanyi, lamba sha ɗaya ce kaɗai ke zafi kamar dutsen guga. Omolara ta duba ta ce gaskiya ne: a yankin lamba sha ɗaya tsagogi suka taru, aikinta ya ninka na saura, su kuma ba su da ikon wucewa sai ta gama. Ya tambaye ta wane yanki ne. Ta nuna masa a taswira: kan ginshiƙi na uku, ta yamma. Ya ce a nan aka ciro Hephzibah. Ya ɗauki fensir ya zana mata yadda tsagar ta bi a ɓaraguzan da ya gani da idonsa, ta sake rabon yadda injuna biyar za su haɗu a kan wannan wuri. Daga nan gwaji ya koma kwana huɗu da rabi. Amma duk da an sauƙaƙa mata, kujerarsa kullum tana gefen lamba sha ɗaya.

Sakamakon farko bai yi wa kowa amfani ba. Ta sa kankare mai rauni irin na la'asar, ta ɗora mutum sittin da huɗu suna motsi yadda littattafan injiniya suka ce taro yana motsi, kowa da nasa taku. Benen ya tsage, ya lanƙwasa kaɗan, ya tsaya. Omolara ta ce lissafin yana da kuskure, tun da dai mun san ya faɗi. Ta yi kwana biyu tana neman kuskuren a cikin rodi da ginshiƙai. Japheth ya tambaye ta yadda mutanen cikin kwamfutar ke taka ƙafa. Da ta bayyana masa, ya girgiza kai ya ce waɗannan ba matan Zumunta ba ne. Matan Zumunta ba sa taka ƙafa kowa da nasa. Tulu ke ba su taku, diddige sittin da huɗu su sauka lokaci ɗaya, wadda ta saɓa kuwa a harare ta.

Ana bukatar takun waƙar daidai, kuma waƙar tasu ce, su suka tsara ta don wannan biki, ba a sake rera ta ba tun ranar. Mutum ɗaya ce za a tambaya, Edith mai ba da waƙar. Japheth ya yi mako guda bai iya furtawa a gida ba. Ni ya roƙa in je. Edith tana tsince shinkafa a tsakar gida da na faɗa mata. Ta ce dama ta san akwai abin da ke kai tsofaffi biyu Samaru kullum ana yajin aiki, ta ɗauka ko bazawara suka samu.

Ta zo ranar Talata da la'asar, a a-daidaita-sahu, da sandarta da farin ɗankwali. Ta tsaya a ƙofa ta dubi injunan.

"Baban Happiness, waɗannan ne kishiyoyin nawa? Ko ruwa ba su iya kawo wa baƙo ba."

Omolara ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo kujera, ta ajiye waya a kan tebur don ɗaukar sauti. Edith ta ce ba za ta rera ba, bugu kawai za ta yi. Ta ajiye sanda, ta fara buga tebur da tafin hannu: biyu marasa nauyi, ɗaya mai nauyi. Ta nuna da ƙafarta mai lafiya inda diddige ke sauka. Ta buga baiti biyar da amshinsu tun daga farko har ƙarshe, leɓɓanta suna motsi ba sauti. Na duba agogona: minti huɗu da daƙiƙa goma. Japheth ya juya baya yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

Da Omolara ta auna takun, fuskarta ta sauya. Ta ce kowane bene yana da saurin lilonsa, kamar igiyar lilo. Namu da yana lafiya ya fi takun matan sauri, ba su haɗu ba. Amma kowace tsaga tana sassauta shi, lilonsa ya ragu, har ya sauko daidai da diddigen mata. Daga nan kowane taku ƙara masa ake yi.

Bayan kwana huɗu da rabi muka tsaya mu uku a gaban allo. Benen ya fito da launin shuɗi, ja yana tsirowa a kan ginshiƙi na uku yana yaɗuwa. A minti biyu da daƙiƙa hamsin ɓangaren yamma ya sunkuyo ya sauko, yadda na gan shi da idona. Na nemi kujera. Da aka gaya wa Edith lokacin, ta ƙirga da yatsu ta ce tsakiyar baiti na huɗu ke nan, kuma a nan ne.

Yanzu lissafin ya zama abin yarda, saura tambayar Japheth. Omolara ta sa kankaren safe a ko'ina, kamar ba a taɓa ɗaga bokitin nan ba. Saboda ba ta son dogara da gwaji ɗaya, ta yi shida, tana ɗan sauya saurin taku da nauyin mata. Wata guda suka ci. Ruwan Agusta yana zuba, hasken sola ya ragu, sau biyu injunan suka mutu suka tashi daga inda suka adana. Japheth ya rame. Ya daina cin abincin rana, sai gyaɗa.

Ranar da na shida ya ƙare Edith ta ce za ta zo, ba wanda ya kira ta. Omolara ta rubuta lambobin a allo da alli, ta karanta su ba tare da ta dubi kowa ba. A duka shidan benen ya tsage. A duka shidan ya kai ƙarshen baiti na biyar yana tsaye. In an ci gaba da rawa, yana faɗuwa tsakanin minti huɗu da rabi zuwa biyar da 'yan daƙiƙu. Ta ce taswirar ba ta isa irin wannan rawa ba ko da wane kankare, wata rana sai ya faɗi. Amma a wannan Lahadi, da kwaɓin safe, in waƙar ta tsaya a minti huɗu da daƙiƙa goma, da sun sauko da ƙafafunsu, kuma da an ga tsagogin. Ta ƙara da cewa daƙiƙa ashirin ba tazarar da za ta rantse a kai ba ce.

Japheth ya gyaɗa kai sau da yawa. Ya ce ya gode, Dokta, abin da ya zo ji ke nan. Hannunsa yana kan lamba sha ɗaya yana shafa ta.

"Wa ya ce maka sau ɗaya za mu yi?" in ji Edith.

Ya juyo.

"Ranar godiyar kaka ce. Tun a ɗakin shiri na gaya wa Hephzibah, in mun kai ƙarshe kada ta tsaya, mu koma farko. Sau biyu za mu yi ta. Minti takwas ke nan, ko ba haka ba, Malam Albert? Kai ne mai agogo."

Na ce minti takwas da daƙiƙa ashirin.

"To, Dokta, akwatunanki sun ce zai kai minti takwas?"

Omolara ta ce a'a, Mama, ko ɗaya bai kai ba.

"Ka ji. Da bokiti, da ba bokiti, ni zan rushe shi. Tashi mu tafi gida, tun jiya ba ka ci tuwo ba."

Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce shi ya taɓa tambayarta? Ta ɗauki sandarta. Ya bi injunan ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, ɗakin yana ƙara yin shiru, sa'an nan ya riƙe mata hannu suka sauka matakala.

Ga abin da na sani, wanda ban faɗa a ɗakin ba. Ni na buga takardar tsarin sujada ta wannan Lahadi. Ƙungiyoyi bakwai ne za su yi waƙa, ga baikon kaka, wato miƙa amfanin gonar da aka kawo, saboda haka fasto ya sa na rubuta a ƙarƙashin kowace ƙungiya cewa waƙa ɗaya, sau ɗaya, ya kuma kira shugabannin ya ja musu kunne. Edith tana cikinsu, ta ce to. Amma na kuma san cewa a shekara ashirin da biyu da na yi ina buga wannan takarda, Zumuntar Mata ba su cika bin ta ba in waƙa ta yi daɗi. Wadda za ta iya raba gardama ita ce Hephzibah.

Omolara ta rubuta aikin ta buga a mujallar injiniyoyi, ba sunan majami'a, da sunan J. Tagwai a cikin marubuta. Ta kuma zagaya majami'u huɗu masu bene a Sabon Gari da Basawa da na'urar auna girgiza, ɗaya aka ƙara mata ginshiƙai. Japheth ne ya riƙe mata tsani.

Ya yi ritaya a 2023. Ya ɗan yi ƙiba, ya fara kiwon zabbi. Sau ɗaya kawai muka sake taɓa maganar, muna zaune a ƙofar gidansa. Ya ce, Malam, ka san Maman Happiness ba ta iya ƙarya ba, in ta yi sai ta ɗaga murya. Na tambaye shi ko ta ɗaga a ranar. Ya ce shi ma abin da yake ta ƙoƙarin tunawa ke nan, fankokin nan sun cika ƙara. Na tambaye shi tulun fa. Ya ce tun da ya bar injin matse kankare bai sake ji ba, amma ba zai ce don an yafe masa ba ne, wataƙila don ba ya kusa da injin ne kawai.

Ya rasu a watan Yuni na bara, bayan gajeriyar jinya. Bayan kwana uku na je yi wa Edith gaisuwa, mutane sun ragu, Happiness tana wanke kwanuka a bakin famfo. Muka yi addu'a. Da na tashi tafiya ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba yi ba saboda ƙafar. Ta tambaye ni ko har yanzu ina ajiye tsofaffin takardun ikilisiya. Na ce suna nan a akwati, shekara bi shekara. Ta ce har da ta wannan Lahadi? Na ce har da ita.

"Ka bar ta a akwatin," in ji ta. Ta juya ta koma ciki tana dogara sanda.